Kama da Wane Ba Ta Wane: Matsayin Ƙiyasin Ƙabila na Gwajin DNA a Binciken Tarihin Iyali

1.0 Gabatarwa

Tun daga farkon wannan ƙarni wata sabuwar hujja ta shigo fagen binciken tarihin iyali, watau sakamakon gwajin ƙwayoyin gado da ake kira DNA. Mutum yakan tofa yawu cikin 'yar kwalba ya aika wa kamfani, bayan 'yan makonni a aiko masa da jadawali mai cewa kashi kaza cikin ɗari na jininsa daga Nijeriya yake, kashi kaza daga Mali, kashi kaza daga Ingila. Miliyoyin mutane, galibinsu a Amurka da Turai, sun yi wannan gwaji, da yawansu kuwa sun ɗauki jadawalin tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa abin da wannan jadawali yake aunawa shi ne kamannin da ke tsakanin mai gwajin da wasu mutane rayayyu na yau, kuma ba shi da ikon faɗin ƙabilar da kakanninsa suke kiran kansu da ita. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Saboda haka aikin fassara sakamakon yana wuyan masanin tarihi ne, wanda ya san yadda sunayen ƙasashe da na ƙabilu suka samu, da yadda suka yi ta sauyawa. Za mu fara da zuriyar bayin da aka kai Amurka, domin a wurinsu ne al'amarin ya fi tsanani, sa'an nan mu dubi abin da kalmar "Hausa" take nufi idan ta bayyana cikin irin wannan sakamako.

2.0 Tushen Al'amarin

Bisa ga ƙididdigar da masana suka tattara daga takardun jiragen ruwa, tsakanin ƙarni na 16 da na 19 an loda mutum wajen miliyan 12.5 daga gaɓar Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka ƙetare Tekun Atilantika da rai. Wajen 388,000 ne aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa, alhali Birazil ita kaɗai ta karɓi fiye da miliyan 4. Jikokin waɗannan bayi sukan ci karo da wata katanga idan suna bin salsalarsu. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1850 da ta 1860 an rubuta bayi ne a ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launin fata, ba tare da suna ba. Sai a ƙidayar 1870, bayan an soke bauta, aka rubuta akasarinsu da sunayensu. Wanda ya bi takardu ya kai 1870, sau da yawa a nan sawu yake ɓace masa.

Ɗokin tsallake wannan katanga ya ƙaru ƙwarai bayan Alex Haley ya wallafa littafinsa mai suna Roots a 1976, inda ya danganta kansa da ƙauyen Jufure na ƙasar Gambiya, bisa ga ruwayar wani mai ba da tarihin baka. A 1981 masanin tarihi Donald Wright ya nuna raunin wannan ruwaya, ya kuma kawo dalilan da ke nuna cewa mai ba da labarin ya riga ya san abin da baƙon nasa yake son ji. Darasin da ke nan bai tsufa ba, watau wanda ya fita neman asali da ƙishirwa yakan sami mai shayar da shi abin da yake so.

Da kamfanonin gwaji suka bayyana, sai aka ga kamar an sami shaidar da ba ta ƙarya. FamilyTreeDNA ya fara aiki a 2000, African Ancestry a 2003, 23andMe ya fara sayar da gwajinsa a 2007, AncestryDNA kuma a 2012. Al'amarin ma ya wuce na sha'awa kurum. A 2010 ƙasar Saliyo ta ba ɗan wasan kwaikwayon nan na Amurka, Isaiah Washington, takardar zama ɗan ƙasa bayan gwaji ya danganta shi da ƙabilar Mende, a 2024 kuma Jamhuriyar Benin ta kafa dokar ba zuriyar bayi 'yancin zama 'yan ƙasa, inda ta sa gwajin DNA cikin hujjojin da take karɓa. Hujjar da ta kai ga ba da fasfo kuwa lalle ta cancanci a tantance ta.

3.0 Yadda Ake Samar da Ƙiyasin

Gwajin iri uku ne. Na farko yana duba sandar gado da ake kira Y, wadda ɗa namiji yake gada daga ubansa, uban daga nasa uban. Na biyu yana duba ƙwayoyin mitokondiriya, waɗanda kowa yake gada daga uwarsa, ita kuma daga tata uwar. Na uku, wanda daga gare shi ake fitar da jadawalin kashi-kashi, yana duba sauran sandunan gado tagwaye 22 daga cikin 23 da ɗan Adam yake da su, waɗanda ake gada daga ɓangaren uwa da na uba baki ɗaya.

Rubutun gadon mutum ya ƙunshi haruffa wajen biliyan 3, amma kamfanoni sukan karanta gurabe 600,000 zuwa 700,000 ne kawai, watau inda aka san mutane sukan bambanta. Sa'an nan kwamfuta ta yayyanka rubutun gutsi-gutsi, ta gwada kowane gutsure da na wasu rukunonin mutane da za mu kira mutanen ma'auni. Su waɗannan mutane ne na zamaninmu da suka shaida cewa kakanninsu huɗu duk daga yanki ɗaya suka fito. Rukunin da gutsuren ya fi kama da shi, sunansa ake liƙa masa, daga ƙarshe a tara gutsattsarin a fitar da kashi cikin ɗari.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan tsari. Na farko, kwamfuta ba ta iya ambaton jama'ar da ba ta cikin ma'auninta. Misalinta kamar shaida ne da aka jera masa mutum biyar aka ce dole ya nuna ɗaya, ko da wanda ake nema ba ya cikinsu. Babban shirin nan na duniya mai suna 1000 Genomes, wanda aka kammala a 2015 da mutum 2,504 daga al'ummomi 26, al'umma biyar kawai ya ɗauka daga nahiyar Afirka, watau Yarabawan Ibadan, da Esan na Nijeriya, da Mende na Saliyo, da mutanen yammacin Gambiya, da Luhya na Kenya. Babu Bahaushe, babu Babarbare, babu Bafilatani, babu Banufe. Kamfanoni sukan ƙara nasu samfuran a kan irin waɗannan, amma giɓin yana da faɗi, ganin cewa Afirka ce nahiyar da ta fi kowace yawan bambancin ƙwayoyin gado. A 2020 masanan shirin H3Africa sun karanta rubutun gadon mutum 426 kacal daga al'ummomi 50, suka tarar da bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Na biyu, sakamakon yakan sauya idan ma'auni ya sauya. A 2018 AncestryDNA ya faɗaɗa mutanen ma'auninsa daga wajen 3,000 zuwa wajen 16,000, sai masu gwaji da dama suka wayi gari sun ga wasu ƙasashe sun ragu a jadawalinsu, wasu ma sun ɓace. A farkon 2019 aka ba da rahoton cewa wata 'yar jaridar gidan talabijin na CBC a Kanada da abokiyar tagwaicinta, waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya, sun aika da yawunsu ga kamfanoni biyar. Sakamakon ya saɓa daga kamfani zuwa kamfani, a wasu wuraren ma ya saɓa tsakanin su biyun. Jini bai sauya ba, kakanni ba su sauya ba, mudun awo ne ya sauya.

4.0 Lissafin Kakanni

Ko da ma'aunin ya cika, akwai wata iyaka da tsarin gado kansa ya gindaya. Mutum yana gadon rabi daga uwa, rabi daga uba. Daga kowane kaka yakan sami kimanin kashi 25 cikin 100, daga iyayen kakanni kimanin 12.5, haka abin yake raguwa da rabi a kowane hawa. Amma daga hawan kakanni zuwa sama rabon ba daidai yake tafiya ba, domin ana cakuɗa sandunan gado kafin a miƙa su. Wannan ne dalilin da ya sa wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, kan sami jadawali mabambanta, alhali salsalarsu guda ce.

A hawa na goma, watau kimanin shekara 250 zuwa 300 da suka wuce, kowane mutum yana da guraben kakanni 1,024. Masanin ƙwayoyin gado David Reich ya nuna a littafinsa na 2018 cewa gutsattsarin gadon da ke isowa ga mutum daga wannan hawa ba su wuce kimanin 757 ba. Ke nan akwai ɗaruruwan kakanni na haƙiƙa waɗanda ba su bar ko alama a jikin jikansu ba. Saboda haka idan ruwayar gida ta ce kaka na goma Balarabe ne ko Babarbare, rashin ganin haka a jadawali bai isa ya ƙaryata ruwayar ba. Haka kuma kashi 1 ko 2 da ya bayyana bai isa ya tabbatar da wata ruwaya ba, domin ƙananan alƙaluma irin waɗannan su ne suka fi saurin ɓacewa idan an sabunta ma'auni.

Gwajin Y da na mitokondiriya kuwa kowannensu layi ɗaya tak yake bi daga cikin guraben nan 1,024. Bugu da ƙari, a 2006 Bert Ely da abokan aikinsa sun gwada mitokondiriyar baƙaƙen Amurka da samfuran Afirka, suka ga cewa fiye da rabi sun dace da nau'o'in da ƙabilu masu yawa suka yi tarayya a kansu, kashi 40 cikin 100 ba su dace da kowane samfuri ba, waɗanda suka dace da ƙabila ɗaya tak kuwa ba su kai kashi 10 ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san tarihin Afirka ta Yamma. Mata sun yi ta ƙetare iyakokin ƙabilu ta hanyar aure da ƙaura da bauta tun dubban shekaru kafin cinikin bayi na teku.

5.0 Matsalar Sunaye: "Nijeriya" da "Hausa"

Yanzu bari mu dubi sunayen da ake liƙa wa sakamakon. Babu bawan da ya taɓa barin wata ƙasa mai suna Nijeriya. Flora Shaw ce ta ba da shawarar sunan a 1897, aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, alhali Ingila ta haramta cinikin bayi tun 1807, Birazil kuma ta rufe shigo da su a 1850. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne suka shata ta tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Ashe ke nan kalmar "Nijeriya" a jadawali tana nufin kama da mutanen da aka ɗebi samfurinsu cikin iyakokin ƙasar a yau.

Kalmar "Hausa" ta fi wannan sarƙaƙiya. Ko shakka babu an kai Hausawa ƙetaren teku, musamman Bahiya ta Birazil, bayan ɓarkewar yaƙe-yaƙen jihadi a 1804. Takardun hukumar Bahiya sun ambace su a shirin tawaye na 1807 da boren 1814, kuma suna cikin Musulmin da suka yi boren 1835, ko da yake Yarabawa ne suka fi yawa a cikinsa. Ƙaramin jakadan Faransa a can, Francis de Castelnau, ya yi hira da wasunsu, ya wallafa bayanansu a 1851, inda suka ambaci garuruwa irin su Kano da Katsina da Zariya. To amma kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna, a ƙasashen waje sunan Hausa yakan haɗa duk wanda ya fito daga wannan sashe yana jin harshen, ko da asalinsa wata ƙabila ce. Haka abin yake ga rundunar da John Glover ya kafa a Ikko a 1863 da sunan Hausawa, wadda ta ƙunshi bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, kuma ba dukansu aka haifa Hausawa ba.

A cikin ƙasar Hausa kanta ma haka lamarin yake. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Sunayen unguwannin birnin, irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa da Sharifai, shaida ne a kan mabambantan wuraren da mazaunansu suka fito. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka shahara a fataucin goro zuwa Gwanja, duk baƙi ne da suka rikiɗe suka zama Hausawa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta wallafa tarihin rayuwarta a 1954, ta faɗa da bakinta cewa asalin gidansu Barebari ne, ta kuma bayyana yadda 'ya'yan bayin rinji suke tashi da harshen Hausa da addinin Musulunci. Mahdi Adamu ya tattauna wannan hali na haɗiye baƙo a littafinsa na 1978. Muddin harshe da addini da sana'a da zama wuri ɗaya su ne suke mai da mutum Bahaushe, to babu wani gutsuren gado da za a nuna a ce shi ne Hausa.

Wani misali zai nuna haɗarin gaggawar fassara. Akwai wani reshe na sandar Y mai suna R1b, wanda ya fi yawa a Yammacin Turai. A 2008 Hisham Hassan da abokan aikinsa sun same shi a jikin kimanin kashi 40 cikin 100 na ɗan ƙaramin samfurin Hausawan Sudan. A 2010 Fulvio Cruciani da nasa abokan aikin suka nuna cewa irin wanda ake samu a tsakiyar Afirka wani reshe ne na daban mai suna V88, wanda ya yawaita tsakanin masu magana da harsunan Cadi, har ya haura kashi 90 cikin 100 a wata al'umma ta duwatsun Mandara a arewacin Kamaru. Bahaushen da ya ga R1b a sakamakonsa yana iya zaton kakansa Bature ne, wani kuma ya ce ga hujjar zuwan Bayajida daga Bagadaza. Duka biyun kuskure ne, domin masana sun ƙiyasta yaɗuwar wannan reshe a Afirka da fiye da shekara 5,000, watau tun kafin a kafa Bagadaza a shekarar 762, tun kuma kafin a san wani gari da sunan Daura. Tun 1970 Abdullahi Smith ya gargaɗe mu game da ɗaukar labarin Bayajida a matsayin bayanin asalin Hausawa, kuma bai kamata mu shigo da shi ta taga ba da sunan kimiyya.

6.0 Inda Gwajin Ya Amfani Tarihi

Kada a fahimce mu da cewa gwajin ba shi da amfani. Wajen bambance nahiya da nahiya yana da ƙarfi ƙwarai. A 2015 Katarzyna Bryc da abokan aikinta sun gano cewa, a matsakaici, gadon baƙaƙen Amurka kashi 73.2 cikin 100 daga Afirka yake, kashi 24 daga Turai, kashi 0.8 daga 'yan asalin nahiyar Amurka, kuma kason Turai ya fi shigowa ta wajen maza. Wannan ya gaskata abin da bayin da kansu suka ruwaito game da yadda iyayengiji suke yi da kuyanginsu. A 2020 Steven Micheletti da abokan aikinsa sun gwada gadon mutum fiye da 50,000 da takardun jiragen bayi, suka ga cewa kamannin baƙaƙen Amurka da mutanen Nijeriya ta yau ya zarce abin da jiragen da suka zo kai tsaye za su iya bayyanawa. Takardun tarihi ne suka warware matsalar, domin sun nuna yadda aka yi ta sake sayar da bayi daga tsibiran Karibiyan da ke hannun Ingila zuwa Amurka ta Arewa.

Shahararren misali a tarihin iyali shi ne na Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da baiwarsa Sally Hemings. Gwajin Y da aka wallafa a 1998 ya nuna cewa wani namiji daga zuriyar Jefferson ne ya haifi ɗanta Eston, amma bai iya tantance ko wane ne ba. Littattafan gidan, waɗanda suka nuna cewa shugaban yana gida a duk lokacin da ta ɗauki ciki, tare da ruwayar zuriyarta, su ne suka sa akasarin masana tarihi suka tsaya a kansa. Gwaji ya taƙaita fili, takarda da ruwaya suka ƙarasa aikin.

7.0 Shawarwari ga Mai Bincike

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Ta farko, a fara da ruwayar dattawan gida da rubutattun salsaloli da takardun gado na kotunan alƙalai da abin da ke gidajen ajiye takardun tarihi, sa'an nan a zo ga gwaji da takamaimiyar tambaya. Ta biyu, duk wanda zai kafa hujja da jadawali ya rubuta sunan kamfanin da shekarar da aka fitar da shi, ya kuma binciki su wane ne mutanen ma'auninsa, kamar yadda muke bin diddigin wanda ya kwafi tsohon rubutu da lokacin da ya kwafe shi. Ta uku, a fi ba da ƙarfi ga jerin dangin da gwajin yake ganowa, domin auna kusancin jini tsakanin mutum biyu rayayyu, kamar 'ya'yan wa da ƙane masu tarayya a kimanin kashi 12.5 cikin 100, ya fi ƙiyasin ƙabila inganci nesa ba kusa ba.

Ta huɗu ta shafi amana. A al'ummar da ake binciken asali kafin a ba da aure, ake kuma yi wa mutum gori da bautar kakanninsa, sakamakon da aka fassara da garaje yana iya raba zumunci ko ya zubar da mutuncin gida. Haka kuma bai halatta a mai da shi ma'aunin raba ɗan ƙasa da baƙo ba. A 2018, da 'yar majalisar dattawan Amurka Elizabeth Warren ta fitar da sakamakon gwaji don ƙarfafa da'awarta ta dangantaka da 'yan asalin Amurka, hukumar al'ummar Cherokee ta mayar da martani cewa gwajin jini ba shi ne yake sa mutum ya zama ɗanta ba, daga baya kuma ita 'yar majalisar ta nemi gafara.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa ƙiyasin ƙabila na gwajin DNA awon kama ne da mutanen yau, wanda ya dogara ga waɗanda aka sa cikin ma'auni, yake kuma ɗauke da sunayen ƙasashe da na ƙabilu waɗanda su kansu tarihi ne ya haife su. Yana da ƙarfi a kan nahiyoyi da dangi na kusa, yana da rauni a kan ƙabilu da kakanni na nesa. Kakanninmu sun kasance suna duban tsagar fuskar baƙo su ce wannan Bagobiri ne ko Babarbare, amma duk da haka sai sun tambaye shi garinsu da sunan ubansa kafin su yanke magana. Muna ganin wannan ita ce hanyar da ta dace da sabuwar hujjar. Muna kuma kira ga sassan tarihi na jami'o'inmu da su haɗa kai da masanan ƙwayoyin gado tun daga lokacin ɗibar samfuri, domin a riƙa rubuta garin kowane mai ba da samfuri da unguwarsa da ruwayar asalin gidansu, maimakon a tara kowa a ƙarƙashin kalma ɗaya.